Da Gishiri a Guzurinka

Abokina, kakarka ta tsegunta mini. Ta ce tun bayan ƙaramar salla kake tara kuɗi a cikin gwangwanin madara, kuma keken nan da ya shekara jingine a bayan rumbu yanzu kullum sai ya sha mai. Wai Gana za ka, a kan keke, kai kaɗai. Ta faɗa mini ne don in hana ka, na ce mata to, na ji. Ta dai manta irin mutumin da ta aura. Matso da tabarmar nan, ka kashe wayar.

Ba zan hana ka ba, don in na hana ka na ci amanar wanda ya kawo mu garin nan. Kakana gishiri ya biyo daga ƙasar Kano, da jakuna, cikin ayarin fatake. Ya tarar da Alago suna dafa gishirinsu a Keana kamar yadda suke yi tun zamanin Akyana Adi, ƙarƙashin Osana. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ayari ya wuce ya bar shi a gidan mutanen da ko harshensu bai iya ba. Suka yi jinyarsa, ya warke, damina ta tare shi, aka ba shi gona. Mu ɗin nan da kake gani jikokin baƙo ne da aka ji daɗin zama da shi. Ka riƙe wannan, zan komo kansa.

Ni kuma keke ne ya yi mini aure. A 1975, da kuɗin Udoji suka faɗo hannun ma'aikata, malaman makaranta suka rinƙa sayen babur suna sakin kekunansu da araha. A hannun ɗayansu na sayi Rali baƙa. Da ita na yi ta kai gishiri Obi da Lafiya da kasuwannin Tibi, har na tara sadakin wannan tsohuwar da ke kai ƙararka yau. Daga baya kowa ya raina keke, aka mai da shi abin hawan yara da masu tallan itace. Sai da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, na ga manya da manyan riguna suna lallaɓowa bayan gida suna kakkaɓe ƙurar kekunansu. Gishiri dai ya daɗe yana yi wa man kaɗe dariyar rana.

Tunda Gana ka nufa, ka san cewa ba kai ka fara ba. Hanyar Gwanja ke nan, hanyar goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salga. Tafiyar watanni ce, wani in ya fita sai ya kusa shekara kafin iyalinsa su sake ganinsa. Amma ba wanda ya yi ta shi kaɗai. Akwai madugu, mai yanke ranar tashi da hanyar da za a bi. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da wurin zango. Akwai uban dawaki, mai tara kuɗin fito da na sarakunan hanya, shi ke ciniki da su. Ga malamin ayari mai rubutu da addu'a. Kai da ka ce ba ka son ɗan jagora, ba ka son kamfanin da zai tsara maka tafiya ya karɓi kuɗinka, to waɗannan rawuna huɗu duk a kanka za a naɗa. Abin da ka tsira da shi na kuɗi, da lura za ka biya shi.

Fara da dokin naka. Na ji kana sha'awar irin kekunan nan na gwanjo masu giya barkatai da siririyar taya kamar tsinke. Suna da daɗin hawa, ban musa ba, kuma giya na taimako a hawan dutse. Amma tambayar da zan yi maka ita ce, in tayar ta fashe a wani ƙauye tsakanin Owo da Akure, mai facin da ke gindin mangwaro yana da irinta? Keken tafiya shi ne wanda kayansa ke rataye a kowace kasuwar mako. Taya mai inci 26 ko 28, birki na roba, sarƙar da kowane yaro ya san yadda ake ɗinke ta. Ka sa kuɗinka a kan sababbin taya biyu masu kauri da kariya ta ƙarfe wadda maƙeri ya ƙara wa ƙafa, ka bar fenti da madubi. A jakarka kuma kada a rasa famfo, da faci da sholisho, da sifana, da filaya, da boris kaɗan cikin ƙullin giris, da 'yan wayoyin ƙafar baya, don su ne ke fara tsinkewa in kaya ya yi nauyi.

Na san wannan ne da jikina. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, kwaɗayi ya sa na ɗora wa Ralin nan buhu biyu da rabi. Tsakanin Obi da Lafiya na faɗa wani rami, ƙafar baya ta lanƙwashe kamar faifai. Ina tsaye ina salati hadari ya taso daga gabas. Ba gida kusa, ba leda, ba komai. Ina kallo jarina ya narke ya bi ta cikin ciyawa. Ranar man kaɗe ya rama. Tun daga nan na koyi abu biyu: kayan da ba za ka iya ɗaga kekenka da su ka tsallake kwalbati ba sun yi yawa, kuma duk abin da ruwa ke ɓatawa a naɗe shi tun rana na tsaka. Riga biyu ta ishe ka. Ka rataya nauyi ƙasa-ƙasa a gefen ƙafa, dama da hagu daidai, kada ka tula shi sama kamar mai tallan katifa, kada kuma ka goya shi a bayanka.

Sai takardu, aikin uban dawaki. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma wannan yarjejeniya ba ta san wanda ba shi da takarda ba. Ka yi fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, ka yi allurar shawara a ba ka katin nan mai ruwan ɗorawa, ka tabbata an buga maka hatimin shiga da na fita a kowace iyaka. Za ka sami masu ce maka ga wata 'yar hanya ta bayan gari, da ɗari biyar an wuce da kai. Kada ka bi. Wanda ya shiga ƙasa ta daji, duk shingen da ya tarar a gaba sai ya sake sayen kansa, kuma ranar da abu ya same shi ba wanda ya san ya shigo. Tsofaffin zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Mutanen da aka haifa can suka kwaso tabarmi suka dawo ƙasar da ba su taɓa gani ba. Mu ma mun yi musu irinta a 1983. Iyaka kuma tana da ranar fushi: tamu an rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, ta Nijar ma an rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Don haka kunnenka na kan rediyo kafin ka tashi da kuma kana hanya.

Ka tafi da rasit ɗin keken, mai ɗauke da lambar da ke jikin ƙarfensa. A shinge ka sauka tun daga nesa, ka cire gilashi, ka yi sallama, ka bar waya a aljihu. Mai kaki ba ya son a ɗauke shi hoto, a kowace ƙasa. In an nemi abin da ba ya kan doka, ka yi murmushi ka nemi rasit, ka zauna a inuwa. Mai mota yana da fasinja masu yi masa tsawa, shi ya sa yake saurin miƙa hannu. Kai ba ka da kowa sai lokaci, kuma da wuya a daɗe ana tsare mai keken da ya shimfiɗa buzu ya fara cin gyaɗa. Abu ɗaya ne ba na son ka yi wasa da shi ko kaɗan: kada ka karɓi saƙon kowa ka ƙetare iyaka da shi. Ko tsohuwa ce ta ce kuka da daddawa ne za ka kai wa ɗiyarta, ka ba ta haƙuri.

Kuɗi ka kasa su uku. Kashi ɗaya a aljihu na cefanen yini. Kashi na biyu a ɓoye a jikin kaya. Kashi na uku kuɗin motar da za ta dawo da kai da kekenka daga wuri mafi nisa da ka nufa har tashar Lafiya, kakarka ta ɗinke maka su a cikin ƙugun wando, ka ɗauka babu su. Ranar da kashi na biyu ya ƙare, tafiya ta ƙare, ko da kana hango fitilun Akra. A 1980 nairarmu ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, ɗan Nijeriya na shiga Kwatano yana taƙama. Yanzu sefa ce ke kallonmu sheƙeƙe, saboda tana ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsi, tamu kuwa ka san halinta. Benin da Togo sefa ɗaya suke ci, Gana kuma sidi. Ka canza kaɗan a bakin iyaka, wanda zai kai ka gari, sauran ka tambayi mai masaukinka wurin wa ake canji. Ka koyi ƙirga da Faransanci daga ɗaya zuwa dubu, da gaisuwa, da tambayar nawa ne. Ka tambayi kuɗin abinci kafin ka sa hannu a kwano, kuma ka ci inda 'yan dako da masu kabu-kabu ke ci, nan ne tuwon ke da zafi da yawa da sauƙi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino ba sa lalacewa, su ne abincin ranarka.

Akwai wurin da araha ba ta ado. Gidan sauro, ruwan sha mai kyau, gwajin zazzaɓi da zarar jiki ya yi ɗumi, da ɗaki mai makulli a babban birni irin Kwatano ko Akra. A nan kada ka yi ƙwauro. Kuma ga inda kayan garinku zai yi maka rana: mai tuƙa keke a rana gishirin jikinsa yake zubarwa, za ka gan shi fari a wuyan rigarka da yamma. In ka ji jijiyar ƙafa na ɗaurewa, ko gudawa ta kama ka, ka sami ruwa mai tsabta lita 1, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka rinƙa kurɓa. Kada ka ƙara gishirin don ka ga na gida ne.

Yanzu aikin madugu, zaɓen hanya. Na san zuciyarka na son bin sawun fatake ta Bargu da Sansanin Mango. Ni ma da ita zan so maka. Amma dazuzzukan arewacin Benin da arewacin Togo da wajen Kainji yanzu akwai masu bindiga a cikinsu, kuma madugun da ya san aikinsa ba ya kai ayari inda aka ce ana sara don kawai kakansa ya bi ta nan. Ka gangara kudu. Lafiya, Akwanga, Keffi, Abuja, Lakwaja, ka ratsa ƙasar Yarabawa zuwa Badun da Abekuta, ka fita ta Idiroko don ka kauce wa cunkoson Ikko, wanda ba wurin mai keke da kaya ba ne. Daga nan Porto-Novo, Kwatano, ka bi bakin teku ta Wida da Grand-Popo. Togo a ta nan siririya ce, kilomita 50 da 'yan kai, in ka karya kumallo a Aneho za ka iya yin la'asar a Aflao ta Gana. Duk ƙasashen nan hannun dama suke bi kamar mu, sai dai babbar mota ba ta san hannu ba. In ka ji ƙahonta a bayanka, sauka daga kwalta, girmanka bai faɗi ba.

Wasu wuraren ma a cikin ƙasarmu, inda aka san ana tare mutane, ka ɗora keken a kan motar kaya ka biya. Ba wanda ke riƙe da littafi yana rubuta maka kilomita. Ka ji labarin yaron nan ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, wanda a 2023 ya hau keke yana neman Jami'ar Azhar. Wata 4 yana tafiya, kimanin kilomita 4,000, ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar. Sau uku ana tsare shi. Da ya isa Cadi, Sudan na gabansa tana cin wuta tun watan Afrilun shekarar, sai mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, ya hau, kuma ya sami gurbin karatun kyauta. Da ya ce shi namiji ne sai ya ƙarasa da feda, da wataƙila wani labarin muke yi. Kai ma in har tunanin Makka a kan keke na cikin ranka, kamar bawan Allahn nan na Jos da ya fita a 2021 ya kusa shekara biyu kafin ya isa, ka ajiye shi tukuna. Tsohuwar hanyar alhazai ta Abeshe da Janaina da Fashir, wadda 'yan uwanmu suka bi har wasunsu suka zauna a Mai Wurno, yau fagen yaƙi ce.

Ka tashi bayan an kwashe riɗi an fara haƙar doya, wajen Nuwamba, lokacin ubanka ba zai ce ka gudu ka bar masa gona ba. Ruwa ya ɗauke, zafin bazara bai zo ba, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, kai kuwa kudu maso yamma ka nufa, tura ka za ta rinƙa yi kyauta. Kana idar da asuba ka hau. Kafin rana ta take ka riga ka ci yawancin tafiyar yini. Ka kwanta a inuwa har azahar ta wuce, ka ɗan ƙara, shi ke nan. Kilomita 60 zuwa 80 a yini ya isa mai kaya, kuma duk kwana biyar ko shida ka huta ɗaya ka yi wanki. Tafiyarka ta zarce mil 48, saboda haka kana da sauƙin ƙasaru, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri.

To, ga abin da na zaunar da kai dominsa. Duk wancan da na faɗa, wayarka ma za ta iya faɗa maka. Kai kana lissafin cewa tafiyar nan za ta yi araha. Gaskiya ne, amma ka taɓa tambayar kanka wa zai biya ragowar? Ruwan da za a ɗebo maka daga rijiya, wata yarinya ce ta ɗauko shi a ka. Tabarmar da za a shimfiɗa maka a zaure, wani ne zai kwana a ƙasa. Tuwon da za a ce bismilla, ba da kai aka auna garinsa ba. Mai kuɗi yana sauka a otal, ya biya, ya tafi, ba wanda ke binsa komai. Matafiyi mai ƙaramin guzuri kuwa a kan mutane yake tafiya, su ne hanyarsa fiye da kwaltar. In ka gane haka, ba za ka shiga gari kamar wanda yake bin bashi a biya shi ba.

Ka isa gari da sauran rana, kafin la'asar ta yi sanyi. Wanda ya shigo da rana baƙo ne, wanda ya shigo da dare abin tambaya ne, kuma zamanin nan ba kullum ake tsayawa jin amsa ba. Ka tuna matafiyan nan 16 'yan arewa da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 bisa zargi kawai. Kada ka riƙe abin da ya yi kama da makami, 'yar wuƙar yanka albasa ta isa. Kada ka kafa gidan sauronka a bayan gari a ɓoye don gudun roƙo, mai zuwa gona da asuba zai gan ka, kuma ba alheri zai fara zato ba. Ka nemi mai unguwa ko limami ko sarkin zango, ka tsuguna ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da na ubanka da garinku, inda ka fito jiya da inda za ka gobe, ka nuna takardunka tun ba a tambaya ba. Daga nan nauyinka ya hau wuyansa, kuma duk garin an san da kai. In zai yiwu, kafin ka tashi ka roƙe shi ya kira wanda ya sani a garin gaba. Haka fatake suka yi ta miƙa juna daga fatoma zuwa fatoma, ba taswira.

Hausa za ta yi maka aiki fiye da yadda kake zato. Kwatano na da zango, Lome na da zango, Akra na da Sabon Zango da Nima, Kumasi kuwa ba a magana. Za ka ji Hausar da ta sha ruwan wasu harsuna, ta rasa wasu ƙa'idojin da aka koya maka a makaranta. Kada ka kuskura ka gyara wa kowa. Kuma kada ka ɗauka zango gidan ubanka ne. Su ma mutanen zango baƙi ne a idon masu ƙasa, ko da sun yi kaka da kakanni, kamar yadda muke a nan. In ka yi abin kunya ka hau kekenka ka tafi, su za a bari da shi. Wani dare kuma ba zango, gidan Bayarabe ko Bafon ko Ba'ewe za ka kwana, wataƙila ma harabar coci. Kai da ka tashi tsakanin Alago da Tibi da Eggon da Gwandara, wannan ba sabo ba ne gare ka. Ka koyi gaisuwarsu kafin ka nemi ruwansu. Abin da addininka ya hana ka ci, ka ƙi shi da fara'a, ba tare da wa'azi ba.

Haƙƙin baƙo kwana uku ne, amma kai ka tashi a na biyu, tun ana cewa haba ka ƙara kwana. Ka ci abin da aka ba ka, ka bar saura a kwano don yaran gidan na jira. Ka ɗauki tsintsiya da safe. Ka iya gyaran waya, ka iya faci, to duk gidan da ka sauka akwai wayar da ta daina caji da keken yaro da ya yi wata a kwance. Matan gida ka gaishe su daga nesa, kada ka ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Kuma kada ka fita gidan mutum hannu rabbana. Kuɗi wani zai ji ka raina shi. Shi ya sa nake so ka ware wuri a jakarka, ko da za ka bar riga ɗaya, ka ɗauki gishirinmu cikin ƙananan ƙulli. Ka miƙa wa uwargida ka ce wannan daga Keana ne, mata ne suka kankaro ƙasar, suka tace ruwanta, suka dafa a kan itace, kakata na cikinsu. Ba shi da tsada, ba ya ruɓewa, ba gidan da ba a bukatarsa, kuma duk ranar da ta zuba a miya za a ambaci yaron nan mai keke. Mai zuwa bayanka zai tarar da ƙofar a buɗe.

Wani abu kuma da ke ɗan sosa mini rai. Ina ganin samarin yanzu, kafin su yi kilomita goma sun kafa waya a gabansu suna kiran sunan wani gwamna ko mawaƙi, suna karanto lambar asusu. Ban ce kowa ya yi haka mabaraci ne ba, wasu don taimakon marasa lafiya suke yi. Amma wanda ya fita don a gan shi, ba ya ganin komai, idonsa na kan gilashin wayar. Olabisi Ajala, wanda har yau Yarabawa ke kiran duk mai yawan yawo da sunansa, ya tuƙa keke daga Chicago zuwa Los Angeles a 1952 yana ɗalibi, yana tsayawa garuruwa yana yi wa Amurkawa bayanin ƙasarsa. Wani Bajamushe, Heinz Stücke, ya bar gida a 1962 ya yi fiye da shekara 50 a kan keke, da sayar da hotuna da ɗan littafin tafiyarsa yake ci. Kowannensu yana da abin da yake bayarwa. Kai ka sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, kowane dare ka rubuta garin da ka kwana, sunan mai masaukinka, abin da ka kashe. Wayar ka ajiye cajinta don taswira da kiran uwarka duk magariba. Ka gaya mata inda kake da gaske, kada ka ce kana lafiya kawai.

In Allah ya kai ka Akra da sauran kuɗi da sauran ƙafa, ka haura Kumasi, kilomita 250 ne ko kusa da haka. Daga nan ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, ka sa kekenka a jirgin fito ka haye tafkin Volta, Salga na gaba kaɗan. Za ka tarar da ƙaramin gari mai tsofaffin rijiyoyi, kasuwarsa ta watse tun yaƙin basasar 1892. Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna nan kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Za su nuna maka inda aka sayar da goro, za su kuma nuna maka inda aka sayar da mutane, kuma fatakenmu na cikin masu saye. Ka tsaya ka saurara har ƙarshe, kada ka ce ai ba mu ba ne. A Wida ma akwai ƙofar da aka gina a bakin teku don tunawa da waɗanda aka ɗora a jirgi ba su komo ba. Ban taɓa zuwa ko ɗaya ba. Ralina ba ta wuce Makurɗi ba.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ambaci Gana a gaban ubanka, ka ɗaura duk kayan da kake nufin tafiya da su, ka yi Obi, Lafiya, ka hau dutsen nan na tsakanin Nasarawa Eggon da Akwanga, ka kwana biyu a gidajen da ba ka san kowa ba, ka dawo. Abin da ba ka taɓa ba a cikin jakar, ka cire shi. Inda sirdi ya ci maka, ka gyara. In ka dawo kana son ƙari, ni zan yi wa ubanka magana da kaina.

Gobe bayan asuba ka kawo keken nan ƙofar zaure, ka kwance ƙafar baya a gabana, ka cire taya ka mayar, ina kallo ba zan sa maka hannu ba. Kakarka kuma ka bar ni da ita. Da na leƙa madafa ɗazu na ga ta yayyanka tsohon zanenta ƙanana-ƙanana, tana auna gishiri da murfin kwalba tana ƙullewa, tana faɗa ita kaɗai. Na ƙirga goma sha ɗaya kafin ta gan ni ta rufe da faifai.